Minti Bakwai na Baba Agwagwa

Shekara ashirin da shida mahaifina ya yi ana sheƙa masa ruwan sama sau talatin a rana, kuma a kan haka ake ba shi albashi. In na faɗa wa mutane sai su ɗauka zolaya nake yi, alhali gaskiya ce tsagwaronta. A ƙarshen layin haɗa motoci na kamfaninmu akwai wani ɗaki da ake kira ɗakin ruwa, bango da rufi da ƙasa duk bakunan famfo ne. Duk motar da aka gama haɗawa sai an turo ta nan kafin ta ga rana. Baba zai cire takalminsa a bakin ƙofa, ya shiga motar ya rufe, ya ƙwanƙwasa gilashi sau biyu, a murɗa famfo, ruwa ya taso mata ta ko'ina da ƙarfin da zai iya kayar da ƙato. Shi kuma yana ciki da tocila, yana neman ɗigo.

Ma'aikata suka laƙaba masa Agwagwa, wai yana wuni cikin ruwa ya fito a bushe. Da ya manyanta aka ƙara masa Baba a gaba, sunan ya bi shi har gida.

Yana da hanyarsa ta aiki wadda babu wanda ya koya masa. Ba ya shiga da takalmi, don ya ce tafin ƙafa yana riga ido jin danshi a kafet. Ba ya sa riga sai mai ruwan toka, saboda ɗigo ɗaya in ya faɗa mata ba ya ɓuya. Robar ƙofa kuwa da bayan hannu yake bin ta, ba da yatsa ba. In mota ta fito lafiya, sai ya ciro hatiminsa daga aljihu ya buga a katin da ke rataye a madubi. In ta yi yoyo, sai ya zana mata da'ira da jan alli a gilashin gaba, a mayar da ita layi. Masu sa ƙofa sun tsani allin nan kamar ciwon haƙori. Halin har gida ya biyo shi. Mama takan ce ta auri mutumin da ko sabuwar tukunya aka saya, sai ya cika ta da ruwa ya ɗaga sama ya leƙa gindinta kafin a dafa komai a ciki.

Littafin ƙa'idar kamfani ya ce a yi wa mota ruwa na minti huɗu. Baba bakwai yake yi. Manajoji uku sun zo sun yi fama da shi a kan minti ukun nan, ya ce musu wanda ya rubuta littafin bai taɓa maƙalewa a cunkoso ana tafka ruwa da iyalinsa a bayan mota ba. Da suka ga motocin da ya buga wa hatimi ba sa dawowa da ƙorafi, sai kowannensu ya gaji ya ƙyale shi.

Kada wani ya ɗauka ɗan koren manajoji ne. Yana cikin mutum goma sha ɗaya da suka kafa ƙungiyar ma'aikatan kamfanin, lambar katinsa shida. A dogon yajin aikin da aka yi ina 'yar firamare, shi ne ya kwana uku a hannun 'yan sanda, ya dawo da kumburarren ido yana dariya. Motar da ake haɗawa a ƙasar nan kuwa, ko kusa da shi ba a kushe ta. In muna tafiya a titi ya hango ɗaya daga cikin namu, komai tsufanta, sai ya rage tafiya ya bi ta da kallo kamar ya ga jikarsa ta wuce da kayan makaranta.

Ni ma a kamfanin nake a lokacin, sashen ɗinkin kujeru, shekara tara a kan keke ɗaya. A can na haɗu da mijina, mai walda ne, ga baki ga farin jini, har aka zaɓe shi shugaban ƙungiya. Kowa Ciyaman yake ce masa. Ni ma nakan kira shi haka in ina son in tsokane shi, musamman in ya fara yi mini jawabi a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Shekarar da abin ya faru, harajin da gwamnati ta ɗora wa motocin waje yana gab da ƙarewa. Harajin nan shi ne katangarmu. In aka cire shi, motocin waje za su cika gari, sababbi da na gwanjo, masu sheƙi da araha, kuma ni ba zan yi ƙarya ba, ni kaina nakan saci kallonsu. Dillalan da ke shigo da su suna ta shiga rediyo suna cewa a bar talaka ya zaɓi abin da yake so. Mu kuma muna cewa mutum ɗari tara ne ke cin abinci a kamfanin nan, ban da masu kawo mana kaya. Majalisa ta kafa kwamiti, aka sa ranar Litinin zai zo ya gani da idonsa kafin ya yanke shawara.

Babbar hujjarmu ita ce kayan da muke haɗa mota da su na gida ne, ba kwance kwali kawai muke yi muna ɗaura noti ba. Ƙungiya da kanta ta yi shekara biyu tana matsa wa kamfani ya daina sayo robar ƙofa daga waje, ya ba wata ƙaramar masana'anta ta gida. A watan nan robar farko ta iso. Aka shirya mota arba'in da shida masu sabuwar roba, za a jera su a fili, kwamiti ya gani ya yaba.

Ranar Laraba aka turo wa Baba ta farko. Minti huɗu, tsaf, ko danshi babu. A minti na shida sai ga ɗigo a kusurwar sama ta ƙofar baya ta hagu, ya gangaro ta bayan roba ya shige ƙarƙashin kafet. Ya zana da'ira. Ta biyu haka, ta uku haka. Kafin a tashi aiki, gilasai goma sha tara ne ke ɗauke da jan alli, sauran kuma kowa ya san abin da ke jiransu.

Manaja ya sauko da kansa. Mutumin kirki ne, kuma bai ce wa Baba ya yi ƙarya ba, wannan shi ne abin da ya sa maganar ta yi wuya.

"Baba, littafi minti nawa ya ce?"

"Huɗu, yallaɓai."

"A minti huɗu suna yoyo?"

"Ba sa yi."

"To ka bi littafi mana. Na wannan makon kawai. In kwamiti ya tafi, wallahi ni da kaina zan sa a gyara."

"In kwamiti ya tafi, an riga an kai su wurin masu sayarwa, yallaɓai. Ai na ga takardar."

Baba ya mayar da hatimin aljihu ya danna maɓallin aljihun. Manaja ba shi da ikon ya karɓa ya ba wani, domin akwai yarjejeniyar da ta ce ba a cire mai duba mota daga wurinsa sai da yardar ƙungiya. Ƙungiya ce ta yi yajin aiki ta samo wannan sharaɗi, don kada manajoji su riƙa tursasa masu dubawa. Sai ga shi yau manaja ya nufi ofishin ƙungiya yana roƙon Ciyaman ya taimake shi a kan surukinsa.

Da muka koma gida da yamma, mijina ko wanka bai yi ba ya zauna a bakin gado ya dafe kai.

"Ki je ki yi wa Baba magana. Ni ba zan iya haɗa ido da shi a kan wannan ba."

"Kai da ke tsayawa gaban mutum ɗari tara kana ɗaga murya?"

"Su ba 'yarsu nake aure ba."

Na tafi, kuma ba a matsayin 'yar aike na tafi ba, ra'ayina ne. Ina ganin taurin kai ne kawai irin na tsofaffi. Na same shi a tsakar gida yana wanke rigarsa mai ruwan toka, don ba ya yarda kowa ya wanke masa ita.

"Baba, ɗigo ne fa. Ba birki ba ne, ba sitiyari ba. Wa ɗigo ya taɓa kashewa?"

"Ba ya kashewa. Yana kwanciya ƙarƙashin kafet. Damina ɗaya mota ta fara wari, damina biyu ƙasanta ya yi tsatsa, ta uku mutum ya taka ya ga kwalta."

"To shekara uku ke nan. Mu Litinin ce a gabanmu. In aka rufe kamfanin nan, ni da mijina duka muna gida. Ka tuna da jikokinka?"

Ya matse rigar ya shanya, ya gyara mata wuya a kan igiya. Ya ce, "Na tuna da su tun kafin ki shigo, uwata." Na fito raina a ɓace, ko sallama ban yi wa Mama ba.

Ranar Juma'a da hutun rana aka kira taron gaggawa a ɗakin cin abinci. Wuri ya cika maƙil, wasu a kan tebura. Maganar ɗaya ce: ƙungiya ta yarda a ɗauke Baba daga ɗakin ruwa na mako guda, a sa wani ya bi littafi. Mutanen da suka girma a hannunsa, waɗanda shi ya cike musu katin shiga ƙungiya, su ne suka yi masa caa. Wani daga sashen fenti ya miƙe ya ce, "Dillalai sun saye shi ne! A tambaye shi nawa aka ba shi!" Na ji maganar har cikin ƙashina, amma ban ce uffan ba, kuma har yau ina jin kunyar shirun nan.

Ciyaman ya buga tebur aka yi tsit. Ya ce, kansa a ƙasa, "Baba, ana son a ji ta bakinka."

Baba ba mai jawabi ba ne. Ya miƙe da hularsa a hannu, muryarsa ko tsakiyar ɗakin ba ta kai sosai, sai da aka yi ta cewa a yi shiru.

"Ni dai abu ɗaya na sani. Muna roƙon gwamnati ta tsare ƙofa, kada motar waje ta shigo da araha. Na yarda, na yi tattaki a kan haka, ƙafata ta kumbura. To in an tsare ƙofar, malamin makarantar da ya yi shekara takwas yana tari, wace mota zai saya? Tamu. Ba don ya fi son ta ba, don mun hana shi wata. Da yana da zaɓi, in muka cuce shi sai ya tafi wurin wani, shi ke nan ya rama. Mun karɓe masa wannan. To wa ya rage masa? Ba shi da ƙungiya, ba shi da ciyaman. Ni ne kawai, da tocilar nan. In za ku cire ni ku cire ni, kuna da iko, ni na sa hannu a dokar. Amma ba zan buga ba."

Ya zauna. Ba a yi tafi ba, kada in ƙara gishiri. Wasu ma tsaki suka ja. Saura kawai Ciyaman ya ce a ɗaga hannu, kuma duk wanda ke wurin ya san yadda ƙuri'ar za ta kaya. Na ga mijina ya juya wajen Baba. Can sai ya ce:

"Baba, gyaran mota ɗaya zai ci awa nawa?"

"In an cire robar an sa gam a kusurwa an mayar, mutum uku awa ɗaya. Sai a jira ya bushe. Sai in gwada."

"Minti huɗu?"

"Bakwai."

Wani ya fashe da dariya daga baya, irin dariyar takaici. Ciyaman ya ce ba za a kaɗa ƙuri'a ba. Ya ce shi gobe Asabar da jibi Lahadi yana bakin layi tun bakwai na safe, kamfani ya ce ba zai biya aikin ƙarin lokaci ba, don haka ba ya tilasta wa kowa. Wannan fa mutumin da ya taɓa tsayar da kamfani cak na kwana huɗu saboda an sa masu walda aikin rabin awa kyauta. Aka watse ana gunaguni, wasu na cewa ya sayar da ƙungiya saboda surukuta.

Cikin mutum ɗari tara, sittin da 'yan kai ne suka zo. Na zo, ba don na sauko ba, sai don ba zan zauna a gida mijina da ubana suna can ba. Mu masu ɗinki aka ba mu goge kusurwa da shafa gam, yatsuna suka yi kwana biyar suna ɗaye fata. Mai fentin nan da ya ce an sayi Baba, shi ma sai ga shi ranar Lahadi, bai gaida kowa ba, ya ɗauki abin cire roba ya kama aiki. Baba kuwa bai sassauta ko na daƙiƙa ɗaya ba. Motar da ni da hannuna na shafa wa gam, ya shiga ya fito ya zana mata da'ira a gabana, ko kallona bai yi ba. Na so in jefe shi da gwangwanin gam ɗin. Amma da na sake ta, ya shiga, ruwa ya yi ta dukanta minti bakwai cur, ya fito ya buga hatimi, sai na ji wani daɗi ya cika mini ƙirji irin wanda ban taɓa ji a shekara tara na ɗinkin kujera ba.

Zuwa la'asar ɗin Lahadi mota talatin da biyu sun samu hatimi. Goma sha huɗu suka rage da jan allinsu. Manaja ya sa aka tura su bayan sito aka lulluɓe da tamfol.

Litinin kwamiti ya zo, mutum bakwai da 'yan jarida a bayansu. Aka zagaya da su layi, aka nuna musu talatin da biyun nan suna ƙyalli a rana, komai na tafiya daidai. Sai wani ɗan kwamitin, wanda da alama an riga an tsegunta masa, ya ce yana son ya ga bayan sito. Ya je da kansa ya ɗaga tamfol. Masu ɗaukar hoto suka yi rububi.

"Wannan jan zanen fa? Me yake nufi?"

Manaja ya fara kame-kame. Baba ya fito daga cikinmu, takalminsa ma a hannu don daga ɗakin ruwa aka kira shi.

"Ni na zana, ranka ya daɗe. Suna yoyo a ƙofar baya. Ba za su fita ba sai an gyara."

"Wato motocin da kuke so a tilasta wa jama'a saye, yoyo suke yi?"

Kafin Baba ya amsa, mijina ya ratso ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, abin da bai taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure.

"Waɗanda ke yoyo ga su nan a bayan sito, ranka ya daɗe, ba sa kasuwa. Ƙungiya ce ta tsaya a kan haka. A rubuta da sunanmu duka."

Ina tsaye a bayansu da gam a farcena, na ji kamar in daka tsalle in gaya wa 'yan jaridar nan cewa wancan ubana ne, wannan kuma mijina.

Washegari hoton da ya fito a jaridu ba na talatin da biyun ba ne. Jajayen da'irori ne, manya-manya, a shafin farko. Dillalai suka samu abin da suke nema, suka yi wata guda suna yawo da shi. Da rahoton kwamiti ya fito, ba a cire harajin duka ba, an rage shi rabi, na shekara uku maimakon goman da muka roƙa. Wasu sun ce da ba don hoton ba da mun samu goman. Wasu sun ce da ba don abin da Baba da Ciyaman suka faɗa a bayan sito ba, da ko ukun ba mu samu ba. Babu wanda ya sani, ni ma ban sani ba. Abin da na sani shi ne mijina ya faɗi zaɓen ƙungiya na gaba, kuma bayan wata biyar kamfani ya rage mutum ɗari biyu. Sunana na cikin na sashen ɗinki.

Ranar da aka ba ni takardar barin aiki, da yamma ina zaune a falo ban ko cire kayan aiki ba, sai na ji sallamar mahaifina. Baba ba ya zuwa gidana sai da dalili. Ya zauna a bakin kujera, ya ɗora hularsa a gwiwa.

"An ce an ba ki takarda."

"An ba ni."

"Kina ganin ni na jawo miki?"

Ban saba yi masa ƙarya ba, kuma ranar ba ni da ƙarfin farawa. Na ce, "Da hannunka a ciki, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Tun daga gida nake shirya abin da zan ce miki. Wahalar da za ki sha, ki yafe mini ita, uwata. Amma in aka mayar da ni Larabar nan, allin zan sake ɗauka. Na ce gara ki ji daga bakina."

Wata biyar ina tara maganganun da zan faɗa masa in wannan rana ta zo, masu zafi, na jera su tsaf. Na neme su na rasa. Abin da ya fito daban ne.

"Da ka buga hatimin nan, wataƙila da gobe ina kan kekena. Amma da na daina gaya wa mutane ko 'yar waye ni."

Ya sunkuyar da kai. Shekarata talatin da huɗu, ban taɓa ganin idon ubana ya kawo ruwa ba sai ranar. Ya share da bayan hannu, ya gyara murya.

"To yanzu me za ki yi?"

"Keken ɗinki zan nema, in buɗe shago. Masu motoci ba sa rabuwa da yagaggiyar kujera."

"Kada ki je kasuwa ke kaɗai," ya ce. "Ranar Asabar zan zo mu tafi tare. Ba za ki biya ba sai na duba shi."